Tsiro Bakwai a Fasasshiyar Tukunya

Ranar Lahadin da ta wuce aka kunna kyandir na farko a cocinmu, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yau Juma'a, sau uku ke nan ina ajiye fartanya ina zuwa leƙa daron da ke gindin bagade, teburin sujada na gaban coci. Gwaggo Ladi, shugabar zumuntar mata, tana shara ta ɗago kai ta ce, "Luka, ƙwai ka saka a ciki ne kake jiran ƙyanƙyasa?" Na yi dariya. Amma ita ma ta san abin da nake dubawa, don a gabanta aka yi komai shekara takwas da suka wuce.

Bari in fara da daron, don wanda ba ɗan nan ba ba zai gane ba.

Mu Kiristoci gida tara ne a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, can wutsiyar kanal inda ruwa yake isowa a gajiye. Sauran gari duk Musulmi ne, tare muke noma, tare muke rigima a kan ruwa. Cocinmu ɗaki ɗaya ne na bulo, da ɗan sito a bayansa. Fada, limaminmu, sai wata-wata yake zuwa, sauran ranakun Baba Katikis Markus ne yake ja mana sujada. Makonni huɗun nan na kafin Kirsimeti, Fada yana ce musu Adben, mu kuwa lokacin Jira muke cewa. A naɗa ganyen mangwaro a kewaye kyandir huɗu, duk Lahadi a ƙara kunna ɗaya. Ba a cika kiɗa ba, ganga ɗaya ce, ita ma a hankali.

To lokacin Jira daidai yake zuwa da shukar alkama. Mu 'yan wutsiya kullum a makare muke, sai na sama sun ƙoshi ruwa yake zuwa mana. In kuwa tsakiyar Disamba ta wuce ba ka shuka ba, zafin Maris zai kama ta tana cika ido, ka girbe ƙaiƙayi. Shi ya sa iyayenmu suka yi dabara biyu. Da an yi girbi, kowane gida ya kawo irinsa a haɗa wuri ɗaya a kulle a siton coci, saboda in iri yana gida yunwar Agusta ba ta barin sa. Sannan ranar Lahadin farko ta Jira a ɗebo hannu ɗaya daga irin nan a shuka a tsohon daro a gaban kowa. Lahadi ta biyu a duba. In ya fito, a raba iri a shuka. In bai fito ba, da sauran 'yan kwanaki a nemi wani. Daron kuma a ci gaba da ba shi ruwa, ranar Kirsimeti a ajiye shi kore shar a bakin 'yar bukkar kara da muke yi wa Jariri Yesu.

Babana Yohanna ne mai riƙe da mukullin siton tun ina goye. Da bazarar shekarar da abin ya faru ya rasu. Ni lokacin ina ɗan sha tara. Makaranta tun aji biyu na sakandare na bar ta, ba kora ta aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Yau ina lodin kwandunan tumatir a bakin titin Garun Mallam, gobe ina bin mai injin casa, jibi na ari babur ina acaɓa. Bayan an share makoki Baba Katikis ya kira ni ya sa mini mukullin a hannu.

"Ba don ka isa ba," ya ce. "Don ƙafar nan taka ta sami abin da zai ɗaure ta."

Aikin ba wuya. Buhu shida ne a kan katako. In an yi iska ka duba rufi, in an yi rana ka shanya. Shi ke nan.

Cikin Agusta wani abokina ya kira ni wai ana buga bulo a Kumbotso, kwana uku kacal. Na ce wa Inna zan je in dawo. Kwana ukun nan ya zama mako uku, da mukulli a aljihuna. Ana ta ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni ko sau ɗaya siton bai faɗo mini a rai ba.

Ranar da na dawo, tun kafin in juya mukulli warin ya tare ni. Wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na gidan da ake tsima dawa. Iska ta ɗaga kwano ɗaya na rufin, ruwa ya yi ta sauka a kan buhunan. Na ɗora hannu a kan na sama, na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Fararen saiwoyi sun huda buhu sun leƙo waje kamar gemun tsoho. Na zauna a ƙasa. Irin gida tara ya tsiro a cikin duhu.

Abin da ya kamata in yi na san shi. Gidan Baba Katikis ko taku hamsin bai kai ba. Da a ranar na je, da wata uku ne a gabanmu na neman iri. Sai na ɗauko tabarmi. Kwana uku ina shanya a simintin gaban coci, lokacin duk mutane suna cikin shinkafa suna cire ciyawa. Na murje saiwoyin da ƙafa, na sheƙe, na mayar buhu, na hau na buga kwanon da ƙusa. Rana ta uku Gwaggo Ladi ta zo wucewa da ƙunshin ciyawar akuya a ka.

"Kai, madalla! Ɗan Yohanna ya fara hankali. Shanya ake yi?"

"Shanya, Gwaggo."

A ido ba laifi, sai dai ya ɗan yi duhu ya ɗan motse. Na riƙa gaya wa kaina ai na sama ne kawai ya taɓu, na ƙasa lafiya lau. Da wannan na ci Satumba, na ci Oktoba, aka yanke shinkafa, aka casa, sanyi ya fara shigowa. Duk sanda na bi ta bayan coci sai in ƙara sauri.

Ranar Asabar, gobe Lahadin farko, na je wajen Malam Ado. Maƙwabcinmu ne a gona, abokin Babana, shekara da shekaru suna aron saifon, bututun nan na ban ruwa, a tsakaninsu. Na same shi a zaure yana gyara bakin buhu. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi ta gaisuwa har ta ƙare, ban tashi ba.

"Ɗan Yohanna, da magana ke nan."

"Baba, ɗan irin alkama nake so. Hannu ɗaya."

"Hannu ɗaya? Gonar ɓera za ka shuka?"

"Gwadawa zan yi."

Ya dube ni ya daɗe. Ya zura hannu a buhu ya zuba mini a hula. Bai ƙara tambaya ba.

Washegari aka kunna kyandir na farko. Baba Katikis ya yi wa'azi a kan zama a faɗake, ni kuwa gumi nake yi cikin sanyin nan. Da aka gama ya ce, "Luka, kawo iri." Na zagaya sito ni kaɗai, kamar yadda Babana yake yi, na buɗe, na tsaya ina kallon buhunan nan shida. Na fito da irin Malam Ado daga aljihu na juye a kwano. Baba Katikis ya yi addu'a a kai, yara suka barbaɗa a daro, aka rufe da ƙasa, aka yayyafa ruwa, kowa ya ce amin. Har da ni.

Da yamma zuciyata ta ƙi ni. Na koma sito na zura hannu can ƙasan buhun da ya fi kyan gani, na ƙirga ƙwaya hamsin. Akwai wata fasasshiyar tukunyar Inna a bayan ɗakina, na cika ta da ƙasa na shuka, na kife kwando a kai saboda kaji. Na ce in arba'in suka fito, shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani. Ko talatin ne ma, sai in ce a yafa iri da kauri.

Makon nan ban taɓa ganin mako mai tsawonsa ba. Da asuba a buga ƙarfen coci, mu fito a ƙudundune cikin zannuwa da tsofaffin rigunan sanyi, a yi addu'ar safe, bakin kowa yana hayaƙi. Daga nan a wuce gayya. Litinin da Talata muka yashe ƙaramin kanal, muna cikin laka har gwiwa, ruwan kamar ana yanka ka da reza. Laraba aka shiga gonar Gwaggo, Alhamis tamu, ana ja da fartanya ana fitar da fangali, ƙafafu duk sun yi faso. Wajen hantsi mata su kawo kunun tsamiya da ɗumamen tuwo, a zauna a kan kunya a sha, ana lissafin ranar ruwa. Layinmu Laraba ta sama ne. Ke nan Talata a shuka, Laraba a ba da ruwa. In ka rasa wannan, sai wata Larabar.

Ni kuwa duk sanda na sami sarari sai in zagaya bayan ɗaki in ɗaga kwando. Laraba ƙasa shiru. Alhamis na ga tsini biyu, na kusa yin ihu. Juma'a biyar. Asabar bakwai. Na tona gefe da tsinke, na ciro wata ƙwaya, na matsa, ta fashe a yatsana, ruɓaɓɓiya.

Lahadi ta biyu kuwa daro ya fito kamar gashin kan yaro, cunkus, kore shar. Mata suka yi guɗa. Gwaggo Ladi ta shafa shi da tafin hannu ta ce tun da take ba ta ga ya fito haka ba, ko a zamanin Babana. Karatun ranar a kan Yohanna Mai Baftisma ne, har da maganar raba alkama da ƙaiƙayi. Na ƙura wa kyandir biyun nan ido har suka zama huɗu. Inna ba ta yabe ni ba, ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira. Amma da rana na buɗe kwanon tuwona na ga busasshen kifi guda cur a kai, wanda na san ta ɓoye shi ne don Kirsimeti. Na ture shi gefe na bar wa ƙannena.

Na yi ta saƙa da warwara. Fada zai zo Lahadi ta uku ya ji furta zunubi, na ce sai in gaya masa, ai shi ba ya faɗa wa kowa. Sai na tuna kafin ya zo iri ya kwana biyar a ƙasa. Na ce to in gudu, motar Zariya tana tsayawa a Garun Mallam. Har na sa riguna biyu a leda. Na tsaya ina tunanin gida tara suna zagaya fangali suna jiran abin da ba zai fito ba, sai an kwana goma a gane, lokacin shuka ya wuce. Na tura ledar ƙarƙashin gado.

Litinin na je duba bakin kanal, na tarar da Malam Ado yana ba tasa ruwa, shi ya riga ya shuka.

"Na ji ana ta yabon daron cocinku," ya ce, bai ɗago ba.

"Haka ne, Baba."

"Iri mai kyau ne. Na san shi."

Ya cika saifon da ruwa, ya toshe bakin da tafin hannu, ya jefa shi ƙetaren kunya, ruwa ya kama gudu.

"Ni ba ruwana da sha'anin cocinku, kuma ba zan je in faɗa ba. Amma Yohanna, Allah ya sani, bai taɓa ba ni saifon mai huji ya ce lafiyayye ne ba. Gobe ne rabonku ko?"

"Gobe ne."

"To."

Talata da sassafe bayan addu'a kowa ya zo da buhunsa ko ƙwaryarsa. Na buɗe sito, samari suka fito da buhu shidan aka jera a gaban coci. Baba Katikis ya ɗora hannu ya sa albarka. A al'adarmu gwauruwa ake fara auna wa, kuma a shekarar Inna ce sabuwar gwauruwa. Ta matso ta buɗe bakin buhunta da hannu biyu. Buhun Babana ne, da facin da ya yi masa da zaren leda. Na cika kwanon awo. Na ɗaga. Hannuna ya ƙi juyewa.

"Kai, zuba mana, sanyi ake," in ji Gwaggo.

Na ajiye kwanon. Na ce, "Ku jira ni." Na ruga gida, na ɗauko fasasshiyar tukunyar nan, na rungumo ta, ƙasa tana zuba a rigata. Na shiga coci na ciccibo daron, na fito na ajiye su gefe da gefe a kan siminti.

"Wannan na daron, irin Malam Ado ne. Namu ga shi nan. Hamsin na shuka."

Baba Katikis ya tsuguna, ya sa yatsa yana ƙirgawa, kamar in ya sake ƙirgawa za su ƙaru. Na faɗi sauran, da Kumbotso, da kwanon rufi, da shanyar.

Gwaggo Ladi ce ta fara. "La ila! Ashe gawa kake shanyawa ina sa maka albarka? Ni Ladi, da bakina!" Wani ya yi kaina, aka riƙe shi. Wani ya ce wata uku, wata uku yaron nan yana gaishe mu yana cin tuwo. Wannan ta fi mari zafi, don gaskiya ce. Baba Katikis ya miƙe, ya miƙo hannu, na sa masa mukullin. Ya ce, "Faɗan a ajiye shi, ba zai gudu ba. Wa ya san inda iri ya rage?"

Inna ta janye gefe. Ta naɗe buhun Babana ta tafi gida. Can sai ga ta da ƙannena suna turo baro, da buhun shinkafarmu ta ci a kai, wadda za ta kai mu girbi. Ta ce wa Baba Katikis, "A kai a musanya." Ko kallona ba ta yi ba.

Ranar nan da washegari muka bi gari gida-gida, muka je har Bunkure da Madobi. Iri a wannan lokacin, duk wanda yake da shi ya riga ya zuba a ƙasa. Malam Ado ya fito da rabin buhun da ya rage masa, ya kuma raka mu gidan ƙaninsa da na wani surukinsa. Shinkafa muke bayarwa ana ba mu alkama. Duk yawon nan buhu uku da rabi muka haɗa. Ruwan Laraba ya zo ya wuce ta gaban busassun fangalinmu muna kallo. Sai wata Larabar muka samu. Gida uku ba su shuka alkama ba sam, masara suka sa.

Lahadi ta uku Fada ya zo, aka kunna kyandir mai ruwan hoda, wanda ake cewa na farin ciki. Na shiga layin furta zunubi. Abin da zan faɗa masa a ɓoye duk garin an riga an sani, har masu shayi.

Kirsimetin shekarar babu shinkafa a gida tara. Mataccen irin nan aka raba aka kai inji. Tuwonsa danƙo gare shi, ga ɗan zaƙi, ga warin fumfuna a ƙarshen harshe, in an yi fanke ba ya tashi. Gwaggo ta sa masa suna tuwon Luka, sunan ya bi gari. Shi muka ci har Fabrairu. Duk Kirsimeti Inna takan aika wa gidan Malam Ado shinkafa da miya, a shekarar sai nasu kwanon ne ya shigo mana a rufe. Zafi kuma ya kama alkamar kamar yadda aka ji tsoro, abin da muka girba bai kai rabin na shekarar baya ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne safiyar Kirsimeti. Na shiga coci na zauna can baya. Na hango bukkar Jariri, ban ga daro ba. Fasasshiyar tukunyar Inna ce a wurin, da tsironta bakwai, sun yi tsawon yatsa, kowanne ya karkata nasa gefen. Wata mata ta ce haba Baba Katikis, ga daro can ya yi kyau, wannan abin kunya za mu ajiye wa Jariri?

Ya ce, "Wancan na aro ne. Wannan ne namu."

Shekara uku mukullin yana wuyan Baba Katikis. Ni ne dai mai hawa rufi da ɗaukar buhu, amma shi yake buɗewa ya tsaya a kaina. A ta huɗu ya miƙo mini shi. Yanzu muna da durom na ƙarfe mai murfi, rufin ma an sake shi. Har gobe ƙafata tana ƙaiƙayi, ina zuwa lodi, ina zuwa Kano, amma daga Yuli zuwa Satumba ko biki ake ba na kwana a waje. Al'adar ma ta canza. Mai mukulli ba ya zagayawa sito shi kaɗai. Gwaggo Ladi ce take naɗe hannun riga ta zura hannu har kafaɗa, ta ɗebo daga ƙasa, a ƙirga hamsin da ƙarfi a gaban kowa.

Na san irin bana lafiyarsa ƙalau. Ni na shanya shi, ni na rufe, ko ɗigon ruwa bai gani ba. Duk da haka ga ni tsugune a gindin bagade da laka a ƙafa, ina bin tsini ɗaya-ɗaya da tsinke.

"Nawa?" in ji Gwaggo.

"Arba'in da uku."

Ta jingine tsintsiya, ta dafa gwiwa ta sunkuyo.

"Matsa can in ƙirga da kaina."